Kunnen Surayya a Hannun Mama Hilda

Duk wanda ya saba bin layin Damilu a Jimeta da sassafe ya san ta. Kafin masu ƙosai su gama hura wuta, Mama Hilda ta riga ta fito da kujerarta ta katako, ta ajiye a ƙofar gida, ta juya ta inda rana za ta ɓullo. Sai ta jawo benci ta sa a gabanta, ta kawo buta da sabulu. Takan wanke hannu a natse, yatsa bayan yatsa, har ka ce alwala take yi, alhali Kirista ce, 'yar ƙasar Ganye, kuma ba a fara waƙar mata a cocinsu sai ta zo. In ta gama sai ta murza tafukanta har su yi ɗumi. Ta ce rashin ladabi ne ka taɓa jikin mutum da hannu mai sanyi.

Haka ta yi shekara da shekaru a barandar wani ƙaramin asibiti a Jimeta, inda ta yi aikin nas tun tana da ƙuruciyarta har furfura ta rufe mata kai. A watan jiya ne ta yi ritaya. Aka yi mata ɗan taro, aka sha lemo, aka ba ta atamfa, kowa ya watse. Washegari da safe sai ga mata zaune a ƙofar gidanta, kowace da abin da ya dame ta a jiki. To, ina ritayar take? Kujera ce kawai ta sauya wuri.

Aikinta fata ne. Ƙazuwa, makero, ƙyasbi, kirci, kurajen zafi, faso, fuskar da man bilicin ya cinye, duk wurinta ake kawowa. Ba ta duba mutum a cikin ɗaki. Ta ce fata ba ta faɗin gaskiya a ƙarƙashin ƙwan lantarki, sai a hasken safiya. Kuma idan ta duba da ido, sai ta rufe idon ta bi wurin da yatsa, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Amma kafin duk wannan akwai tambayar da ba ta tsallakewa. Hausarta irin ta Jimeta ce, ba ruwanta da raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta. Sai ta dube ka ta ce, "Daga ina kakanka ya fito? Me yake shafawa?"

Wata safiya aka ga Bafulatana fara sol daga cikin Yola, kumatunta sun yi ja suna saɓa. Mama Hilda ta gaishe ta da Fulatanci ta ce, "Jam, Adda? Rana ne ya ci ka. Irin fatanku ba ya wasa da rana." Ta hana ta wani sabulu mai kaifi, ta ce ta riƙa neman inuwa da tsakar rana. Na bayanta wani saurayi ne Babachame, baƙi siɗik, haɓarsa duk kurajen aski. Ta shafa ta ce, "Kai kuma gashinka ne yake lanƙwasawa yana komawa cikin nama. Bar reza. Ko budurwa ne ya ce sai ka yi santsi kamar kwalba?" Aka bushe da dariya, shi ma ya yi. Kan benci ɗaya suka zauna, rana ɗaya ta same su, amma maganin wannan ba na wancan ba ne. Takan ce ƙabila ƙofar gida kawai take nuna mata, sai ta shiga ciki ta ga uwa da kaka sannan ta san da wa take magana, don a gida ɗaya ma ana samun fata iri biyu.

Mu da ba mu yi nisa a boko ba, da muna ɗauka fata fata ce, bambancin kawai wani fari wani baƙi. A wurin wannan baiwar Allah muka gane kowane jiki da halinsa, kuma yakan gaji halin nan kamar yadda ake gadon murya ko tafiya.

Inda mutane suka fi ganin aikinta shi ne sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, a shekarun da mutanen daji suka kori garuruwan arewacin jihar nan. Wanda ya ga Yola a lokacin ba ya mantawa. Mutane suka yi ta kwararowa daga Madagali, daga Michika, daga Mubi, wasu daga bayan duwatsun Gwoza, ƙafafu a kumbure, kaya a ɗaure cikin zane. Aka tura Mama Hilda cikin masu zuwa duba lafiyarsu. A wannan zamani kuwa babu tambayar da ta kai "daga ina kake?" ban tsoro. Da ita ake tantance mutum a shingen hanya, da ita ake hana shi hayar ɗaki. Sai ga wata mata mai farar riga tana bin tanti tanti da wannan tambaya a bakinta. Da farko gudunta ake yi.

A nan ta haɗu da Raudatu. Matashiya ce a lokacin, baƙa, siririya, tana rungume da jaririya wadda jikinta duk ya feso da kuraje, wuya da hammata har sun fara ruwa. Kusa da ita mahaifiyarta ce zaune, tsohuwa, ta ɗaure kallabi ya rufe kunnuwanta tam duk da zafin da ake yi.

"Daga ina?" in ji Mama Hilda.

Raudatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Mubi. Cikin gari."

Mama Hilda ta matso kusa. Ta karɓi jaririyar, ta shinshina bayan wuyanta, ta rufe ido ta bi kurajen da yatsa. Can ta ce, ƙasa-ƙasa yadda na tantin kusa ba za su ji ba, "'Yata, wannan man maɗaci ne. Mutanen kan dutse ne suke shafa shi saboda sanyi da iska. Ni ba soja ba ne, ba ni da bindiga. Ina tambaya ne don in san abin da zan hana ka."

Sai Raudatu ta fashe da kuka. Ƙauyensu yana bayan Madagali ne, a kan tudu, inda da safe har haƙora ke kaɗawa. Can, uwar da ba ta laɓta wa jaririnta mai ba raguwa ce. 'Yar kwalbar man nan ita kaɗai tsohuwa ta iya ɗaukowa, kuma tun da suka iso take dulmuya jikar a cikinsa safe da yamma, don ƙauna. Amma Yola ba kan dutse ba ce. A zafin bakin kogin Binuwai, man da ke kare yaro a can shi ke toshe masa jiki a nan. Ba su kaɗai ba, kusan duk matan da suka sauko daga tudu haka suke yi. Mama Hilda ba ta ƙwace man kowa ba. Ta ce su ajiye shi sai sanyi ya shigo, su shafa a ƙafa da gwiwa, yanzu kuwa ruwa da iska ne maganin yara. Ba a jima ba kurajen suka kwanta a tantuna da yawa, sai matan da ke gudunta suka fara aiko yara su riƙe mata jaka.

Waɗanda suka yi aiki tare da ita sun ba da labarin lokacin da ƙyanda ta leƙo. A jikin farin yaro ja take fitowa, kowa ya gani daga nesa. A jikin baƙin yaro kuwa ba ta yin ja, sai dai ka ji ta a hannu kamar yashi. Littattafan da aka koya musu aiki da su, in ji ta, hotunan fatar Turawa ne a ciki. Don haka ta bi yaran da ke zazzaɓi ɗaya bayan ɗaya tana shafa bayan kunne da goshi, idonta a rufe, tana ware waɗanda za a kai wa likita. Allah kaɗai ya san iyayen da suka koma gida da 'ya'yansu saboda wannan yatsun.

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na jaririyar nan ne, Surayya.

A hanya aka haife ta, cikin gonar dawa, suna gudu. Mahaifinta ya raka su har bakin wani rafi, ya ce su yi gaba, zai koma ya ɗauko tsohonsa ya same su. Ba a yanka rago ba, ba a yi taron suna ba, wani malami ne a sansanin ya yi mata huɗuba a kunne. Kuma ba a huda kunnen ba. A gidansu Raudatu, uba ne yake sayen ɗan kunnen farko, shi yake sa wa 'yarsa da hannunsa.

Wata rana tsohuwa tana wanka, kallabin ya zame, Mama Hilda ta ga abin da ake ɓoyewa. A kowane kunne ƙari ne yake reto, mai sheƙi, ya kai ƙwallon goruba. Tsohuwar ta ce lokacin aurenta ne aka ƙara mata huji don kwalliya, wurin ya kumbura. Wanzami ya yanke, ya dawo ya fi na da. Aka sake yankewa, ya sake dawowa. Mama Hilda ta juya ta duba ƙaurin Raudatu, inda ƙaya ta yage ta a hanya, ta ga tabon ya taso ya yi tudu. Sai ta zaunar da ita.

"Jinin gidanku ba ya manta ciwo," in ji ta. "In an yanke shi, yana gyara ya wuce gona. An fi samun haka a cikinmu baƙaƙe, amma ba kowane gida ba, naku yana ciki. Kunnenka ya tsira ne, ina zato, don an huda kana jariri. In za a huda wa Surayya, a yi yanzu da ya warke, zan yi da kaina da allura mai tsabta. In ya girma, a bar shi har abada."

Raudatu ta girgiza kai. "Mama, babanta yana hanya. In ya zo ya tarar an yi ba shi, me zan ce masa?"

Me za ka ce wa mace a irin wannan hali? Mama Hilda ta sake tuna mata sau ɗaya, ta sake tunawa, sannan ta bar zancen. Ba ta da zuciyar da za ta ce mata kada ki jira.

Shekaru suka tafi. Tsohuwa ta rasu a nan Yola. Raudatu ta bar Malkohi, ta sami ɗaki a Nassarawo a gidan wata Hajiya Huseina, jikar fataken Kano ce ta wajen uba, uwarta Bafulatanar Yola, mace mai faɗa da kyauta, wadda bakinta ba ya hutawa. Raudatu tana soya awara a ƙofar gida, ta sa 'yarta a boko da Islamiyya. Masu neman aure suka zo, ta ce tana da miji. Duk motar da ta ji an ce ta zo daga Madagali sai ta leƙa tasha. Surayya ta girma, doguwa, baƙa mai kyau kamar uwarta, mai ƙoƙarin karatu, kunnuwanta lumus babu huji. 'Yan ajinsu sukan ɗaga mata hijabi su ce, "Ga Malam Surajo!" Ta dawo gida ta ƙi cin abinci.

Da karatunta ya yi nisa har malamansu suka ce tana cikin waɗanda za su yi sauka a shekara mai zuwa, sai wata safiya Raudatu ta kama hannunta suka nufi barandar asibiti. Ta gaida Mama Hilda, ta kwance bakin zanenta, ta fito da 'yan kunne ƙanana masu ruwan zinariya. Da kuɗin awara ta saya.

"Mama, na zo ki huda mata." Ta miƙa mata su. "Ba zan ƙara jira ba."

Mama Hilda ta gane nauyin wannan magana, don ta san abin da aka yi shekaru ana jira. Ta jawo yarinyar, ta naɗe mata hannun riga, ta rufe ido ta taɓa lambar rigakafin da ke damtsenta. Lambar ta taso, ta yi tauri kamar ƙwayar wake. Ta daɗe hannunta na wurin.

"Raudatu, lokacin ya wuce. Ba zan huda ba."

"Mama, ni fa an huda mini, ga shi lafiya lau."

"Kana jariri. Taɓa nan ka ji. Kunnen mamanka ne a jikin yaron nan."

Raudatu ta miƙe, idonta ya kawo ruwa. "Gidanmu ya tafi, na haƙura. Gonarmu ta tafi, na haƙura. Yau na zo in haƙura da babanta ma, ki ce mini ko wannan ɗan ramin ba zan samu ba?" Ta ja 'yarta suka fita ba sallama. Waɗanda ke kan benci a ranar sun ce Mama Hilda ta jima tana kallon tafin hannunta kafin ta kira na gaba.

A gida Hajiya Huseina ta ji labari ta tafa hannu. "Kayya! Tsoron 'yan asibiti dai. Dubi 'ya'yana, Yusrah da Ilham, huji uku-uku a kowane kunne, na ƙarshen ma bara na yi musu, me ya same su? Tun kakata muke huda kunne a gidan nan da allura da zare, ba mu taɓa ganin goruba ta fito ba. Kawo ta nan." Gaskiya ta faɗa, a gidansu ba a taɓa gani ba. Ta ƙona allura a wuta, ta yi bisimilla, ta huda, ta zura zare. Da zuciya ɗaya ta yi. Surayya ta kwana tana duba madubi.

Watanni suka wuce lafiya, har Hajiya Huseina ta fara cewa a kai wa nas ɗin goro ta zo ta gani. Sai kunnen hagu ya fara ƙaiƙayi. Bayansa ya yi tauri. Ya zama kamar ƙwayar gero, ya zama kamar wake, ya doshi gurjiya, na dama ma ya fara ɗaukar hanya. Surayya ta koma ɗaure kallabi tam a ƙarƙashin hijabi. Ranar da Raudatu ta shigo ɗaki ta gan ta zaune da wannan ɗaurin, sai ta ga kamar tsohuwarta ce zaune sak. Kunya ta hana ta komawa asibiti. Aka yi shawara a tsakar gida, aka ce a kira wanzami ya cire tun bai girma ba.

Hajiya Huseina ce da kanta ta aika a kira shi. Amma a safiyar da zai zo sai zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta zari mayafi, ta tari keke, sai barandar asibiti. Ba ta tsaya layi ba.

"Ke ce Hilda? Ni ce mai allurar. Zage ni a hanya, yanzu dai tashi mu tafi, wanzami yana gidana."

Mama Hilda ta bar wa abokiyar aikinta benci, ta bi ta. Suka tarar wanzami, wani dattijo, ya shimfiɗa buzu ya buɗe zabira, Surayya tana durƙushe, Raudatu ta riƙe mata kai. Mama Hilda ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa ta gaida dattijon da girmamawa, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki. Sannan ta naɗe hannun rigar yarinyar ta ce, "Baba, kai ma mai fata ne kamar ni. Taɓa nan ka gaya mini."

Dattijon ya taɓa lambar, ya taɓa bayan kunnen. Ya ce, "Irin naman nan ne mai ramuwa. Ban ga hannun ba da na ce zan yi." Ya mai da askarsa, ya ɗaure zabira, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi abinsa.

Raudatu ta kasa ɗaga ido. "Mama, kin faɗa mini."

"Ban zo karɓan gaskiya ba. Kawo ruwa in wanke hannu."

Daga ranar ta ɗauki kunnen nan kamar nata. Ta cire 'yan kunnen, ta ce hujin dole ya toshe. Ta kai Surayya wurin likitan fata a babban asibiti, aka fara yi mata allura a cikin ƙarin, wata bayan wata. Allura ce mai zafi, babba ma yana hawaye. Mama Hilda takan rungume kan yarinyar a ƙirjinta ta ce, "Karanta mini inda aka biya maka jiya." Yarinya tana karatun Alƙur'ani da muryar kuka, matar coci tana riƙe da ita tana gyaɗa kai, har a gama. Likitan ya ce allura kaɗai ba ta isa ba, ana son wani abu da zai riƙa matse wurin kullum don kada naman ya sake tasowa. Akwai irin wannan ɗan kunnen na magani, amma an zaga Yola da Jimeta ba a samu ba.

Sai Mama Hilda ta shiga kasuwar Jimeta, layin maƙera, wurin Lawal maƙerin azurfa. Ta zana masa a ƙasa da tsinke: faifai biyu ƙanana, gaba da baya, su kama fatar kunne su matse, ba huji.

Lawal ya leƙa zanen ya ce, "Mama, ɗan kunne kike so ko tarkon ɓera?"

"Tarko ne. Amma ka yi shi yadda budurwa zai sa ya fita."

"Tun kakana muke ƙira, ban taɓa jin an zo neman ɗan kunnen da zai ciji mutum ba."

"To yau kakanka zai ji labari."

Na farko da ya ƙera ya cika matsi, na biyu ya yi sako-sako yana zamewa. Kuma ba a kunnen yarinyar aka gwada ba. Mama Hilda ce take maƙala shi a nata kunnen ta wuni da shi, ta yi aiki da shi, ta je coci da shi, matan zumunta suna tambayarta ko sabon yayi ne. Da yamma ta cire ta duba wurin a madubi, in ya yi fari fat ko ya mutu, ta koma ta ce wa Lawal ya sassauta. Sai da kunnenta ya yi tsami ya saɓa kafin ta ce, "Yawwa, wannan ne." Tsohuwa mai jikoki, tana yawo da ciwon da ba nata ba, don 'yar wata ta tsira da kunnenta. Ni dai ban san sunan da ake ba wannan ba in ba uwa ba.

Surayya ta sa shi, tana cirewa kaɗan ta huta ta mayar, wata da watanni. Hajiya Huseina ce ta zama 'yar sanda, kullum tana leƙa ƙarƙashin hijabi. "Ina tarkon? Mai da shi! So kike nas ɗinku ta kai ni kotu?" A hankali gurjiya ta koma wake, wake ya koma gero, har ya kwanta ya bar ɗan tauri da sai an taɓa ake ji. Mama Hilda ba ta ɓoye musu ba, ta ce irin naman nan ba a yarda da shi, za a ci gaba da sa ido shekaru, kuma allurar huji ba za ta ƙara kusantar wannan kunnen ba.

Ana gobe sauka Lawal ya aiko a kawo masa 'yan kunnen. Da safe ya dawo da su da kansa. Ya goge su suna walƙiya, ya zana musu fure, ya rataya wa kowanne 'yan sarƙoƙi sirara masu motsi. Ya ce wa Hajiya Huseina a gaya wa Mama tarkonta ya yi aure.

Mama Hilda ta zo gidan da atamfarta ta zuwa coci. An yi wa Surayya lalle, an ɗaura mata sabon kallabi, wannan karon an tura shi baya, kunnuwa a waje. Mata sun cika ɗakin. Raudatu ta ɗauko 'yan kunnen a tafin hannu, ta durƙusa gaban Mama Hilda.

"Mama, a gidanmu uba ne yake sawa. Ke za ki sa mata."

Mama Hilda ta naɗe mata yatsun a kan azurfar, ta tura hannun baya. "A'a. Wannan hannun ne ya ɗauko shi daga gonan dawa. Shi zai sa."

Raudatu ta juya ga 'yarta. Ta maƙala na dama, ta maƙala na hagu. Ta riƙe fuskar yarinyar ta daɗe tana kallo. Sannan ta faɗi abin da tun ranar rafin nan ba wanda ya taɓa ji daga bakinta.

"Allah ya jiƙan babanki."

Hajiya Huseina, wadda ba a taɓa ganin magana ta ƙare mata ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Can wata tsohuwa ta ce amin, sauran suka amsa. Surayya ta fita ta yi karatunta a gaban jama'a, murya a sake.

Mama Hilda, ke ce kika mai da tambayar da ake tsoro ta zama ta jinƙai. A lokacin da ake tambayar asalin mutum don a guje shi, ke kin tambaya don ki san yadda za ki taɓa shi. Ke ce kika iya cewa a'a ga mace mai kuka, kika ɗauki fushinta, sannan da abin ya faru ba ki tsaya cewa ai na faɗa ba. Uwar marasa gata, mai gani da yatsa. Ba a sa sunanki a jikin wani gini ba, amma yana nan a fuskokin da ba su lalace ba, daga Malkohi har Nassarawo.

Mun gode, Mama. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki, in ma matan Damilu sun bar ki kin huta. Ku kuma 'yan'uwana, masu gyaran amare, masu shagon mai da sabulu, wanzamai, matasan da ke karatun aikin asibiti, da iyaye mata masu allura a gida, ku je ku zauna a bencin nan tun tana da ƙarfin koyarwa. Abin da ya karɓi 'yarki ba lalle ya karɓi 'yar maƙwabciya ba. Kafin ka shafa, kafin ka yanka, kafin ka huda, tsaya ka tambayi mutum gidansu, ka saurari amsar da kyakkyawar niyya.